Karatun yaranmu ya ja baya a lokacin kullen korona: mene ne aikinmu mu iyaye? (tattaunawar Janairu, 2021)

Baban Yara, Kurna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da iyayen da ke wannan zaure, da fatan ana jure wa sanyin bana. Tambaya ce gare ni a kan karatun yara, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar koyarwa su taimaka mini da bayanin da zan iya aiki da shi a gidana.

Kowa ya san an rufe makarantu a Kano tun ranar 23 ga Maris, 2020, bayan gwamnonin Arewa maso Yamma sun amince a ba yara hutun kwana 30 saboda annobar korona. Kwana 30 ɗin nan ne ya miƙe har zuwa watan Oktoba, in ban da 'yan ajin ƙarshe na sakandare da aka mayar a watan Agusta domin su rubuta jarabawar WAEC. Yara ba su gama zama a aji ba aka sake sallamar su a tsakiyar Disamba, ga shi kuma ana cewa cutar ta dawo karo na biyu, har Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ce za a sake duba ranar 18 ga Janairu, 2021 da aka tsayar domin komawa.

Yarana uku ne ke makaranta. Babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, na tsakiya yana aji huɗu na firamare, ƙaramin kuma bai daɗe da shiga aji ɗaya ba aka rufe. Na tsakiyan ne ya fi damuna, domin kafin kulle yana karanta gajeren labari da Hausa ba tare da wahala ba, yana kuma yin ɗebewa mai aro, amma yanzu idan ya ɗauki littafi sai ya riƙa cin tuntuɓe a kalmomin da ya sani a da. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina fita bayan karin kumallo, ba na dawowa sai bayan magariba, kuma bokona bai wuce ƙaramar sakandare ba. Mahaifiyarsu ta yi Islamiyya sosai, ta sauke Alƙur'ani, amma ba ta yi nisa a boko ba.

To, idan aka sake tsawaita hutun, ko ma an koma, mene ne ainihin abin da ya rataya a wuyan iyaye irinmu? Shin in ɗauko malamin lesin ne in huta? Sannan makarantar babbar ta taɓa neman mu biya wani abu domin darasin da ake turawa ta WhatsApp, kuma ina jin za su sake nema. Yana da amfani, ko kuwa asarar kuɗi da data ce kawai?

Tsohuwar Malama, Gwale

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Na koyar a firamare har na yi ritaya ina shugabar makaranta, saboda haka abin da ka bayyana game da ɗanka na tsakiya ba baƙo ba ne a wurina. Ko hutun ƙarshen shekara aka yi, na makonni kaɗan, mukan cinye makon farko muna tunatar da yara abin da suka manta, balle a ce kusan wata bakwai yaro bai ga allon aji ba. Kada hankalinka ya tashi ƙwarai, domin abin da yaro ya taɓa iyawa yana saurin dawowa idan an bi shi da wuri.

Abin da nake so in fara cire maka shi ne tunanin cewa sai wanda ya yi boko mai zurfi ne zai iya tsaya wa ɗansa. A Kano da wuya ka sami gidan da bai san yadda ake kula da karatun yaro ba, sai dai a ɓangare ɗaya kawai muke yin sa. Idan yaro ya dawo daga makarantar allo ko Islamiyya, uwa takan ce masa ya zo ya biya mata, tana tankaɗe ko tana tsinke zogale amma kunnenta yana wurinsa, da ya kauce sai ta tsayar da shi. Uba kuma ya san izu nawa ɗansa yake, ya san sunan malamin, yakan ma tsaya su gaisa bayan sallah. Babu malamin allon da zai bar yaro ya wanke allonsa alhali bai riƙe abin da ke kai ba, kuma ba a kai shi farfaru sai babbaƙu sun zauna masa. A boko kuwa mun daɗe da sallama komai ga malami da gwamnati, namu shi ne kayan makaranta da kuɗin tara. Da annoba ta zo ta ɗauke malamin, sai aka ga babu kowa a wurin. Shawarata ita ce ku ɗauki wannan tsarin da kuka riga kuka iya, ku ɗora shi a kan littafin boko.

Ku fara da gano inda yaron yake a haƙiƙa, ku manta da ajin da aka rubuta masa. A samo littafin Hausa na aji biyu, a ba shi ya karanta a bayyane yana bin kalmomin da yatsa. Idan haruffan ne suke rikita shi, musamman masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, to daga nan za a faro. Idan ya san haruffa amma haɗa gaɓa ce ke ba shi wuya, sai a tsaya a kan ba, be, bi, bo, bu da 'yan uwansu har su zauna. Idan kuwa yana karantawa sumul amma aka tambaye shi abin da ya faru a labarin ya yi shiru, matsalar fahimta ce, maganinta kuma shi ne a riƙa sa shi yana maimaita labarin da bakinsa. Duk wannan Hajiya mahaifiyarsu za ta iya yi, domin Hausa harshenta ne: idan yaro ya karanta jimlar da ba ta ba da ma'ana ba, kunnenta zai gaya mata tun kafin ta dubi takardar. Macen da ta sauke Alƙur'ani kuma ba za ta daɗe ba ita ma ta kama haruffan boko idan tana zama da shi kullum, na ga hakan a wurin iyaye mata da dama.

Game da ɗebewa mai aro, a karya tsinken tsintsiya, a ɗaure shi goma-goma da zare ko roba. Idan za a ɗebe 17 daga 42, a ajiye masa dami huɗu da tsinke biyu a kan tabarma, a ce ya cire bakwai. Zai ga biyun nan ba su isa ba, kuma da kansa zai kai hannu ya kwance dami ɗaya, ya zama yana da tsinke 12 da dami uku. Wannan kwancewar ita ce aron da ake rubutawa a saman lamba, wanda yara da yawa suke yi da ka ba tare da sun san dalilinsa ba. Ya yi haka sau da yawa kafin a mayar da shi kan takarda.

Lokaci shi ne abin da ya fi komai. Rabin awa kullum a lokaci guda ya fi awa uku a ranar Asabar kaɗai. Ni na fi son bayan an karya kumallo, kafin a fara aike da wasan waje, ko da yake a wannan sanyin wasu sun fi son a jira hantsi. Kai kuma Alhaji, idan ka dawo da dare, kada ka tsaya a kan tambayar ko an yi karatu, domin amsar kullum ita ce an yi. Ka ce a kawo maka littafin, ka dubi kwanan watan da aka rubuta a sama, ka ce ya karanta maka layi uku. Minti biyar ne, amma yaron da ya san za a tambaye shi da dare, daban yake zama da safe. Ina roƙo kuma a ajiye bulala a gefe a wannan zaman, domin yaron da yake kallon hannun mai koyar da shi ba ya kallon takarda.

Darussan da gwamnati ta sa a rediyo da talabijin suna da kyau, kuma ba a kanmu aka fara ba, Saliyo ta yi haka lokacin da cutar Ebola ta rufe mata makarantu a 2014 zuwa 2015. Sai dai rediyo ba ya ganin yaro. Idan malamar cikin rediyo ta ce a rubuta, dole a sami babba a gefe da zai tabbatar akwai fensir da littafi, kuma an rubuta ɗin. Malamin lesin ba laifi ba ne ga mai hali, amma ko shi sai an bi shi da irin wannan tambayar ta dare.

Malamin Lissafi, Hotoro

Assalamu alaikum. Mama ta gama magana a kan firamare, Allah ya ƙara mata lafiya, ni zan taɓa batun WhatsApp da na 'yar sakandare, tunda ina cikin waɗanda suka yi wannan koyarwar a wata makarantar kuɗi.

Yadda abin ya kasance shi ne, nakan rubuta darasi a farar takarda, in ɗauke shi hoto, in yi bayani da murya, in tura cikin rukunin aji da safe. Wayar da ke cikin rukunin kuwa mafi yawa ta mahaifi ce, ta tafi kasuwa ko wurin aiki tare da shi, ba za ta dawo ba sai dare, lokacin yaron ya gaji ko ya yi barci, wani lokaci ma cajinta ya ƙare kuma babu wuta. Sai ka ga alamar an buɗe saƙo amma aikin ba ya dawowa. Abin da na lura da shi, kuma ya ba ni mamaki, shi ne waɗanda suka riƙa maido mini da aiki a kan kari ba lallai 'ya'yan masu kuɗin ajin ba ne. Akwai wata yarinya da mahaifinta tela ne, kullum bayan isha'i sai hoton aikinta ya shigo, an ɗauke shi da hasken tocila, ana ganin gefen tabarma da yatsan wanda ya danne takardar. Daga baya na ji cewa shi mahaifin bai san lissafin ba sam, abin da ya sani kawai shi ne ba ya kwanciya sai ya ga an tura.

Saboda haka amsata, Alhaji, ita ce darasin WhatsApp yana da amfani idan sharuɗɗa biyu sun cika: wayar tana samun yarinyar a lokacin da idonta biyu, kuma malamin yana duba aikin ya maido da gyara. Idan makaranta hotuna kawai take zubowa babu mai dubawa, ka riƙe kuɗinka ka saya mata littattafan ajinta. Ka tambaye su wannan kai tsaye kafin ka biya. Zan ƙara da cewa, ba don in kare kaina ba, malaman makarantun kuɗi da yawa sun yi watanni babu albashi a lokacin kulle, domin daga kuɗin makaranta ake biyan su, wasu har sun bar koyarwa sun kama tuƙin adaidaita ko ƙaramar sana'a. Wanda yake tura darasi da datarsa yana kuma dubawa, haƙƙinsa ne a ba shi wani abu.

Ba kuma sai babbar waya ba. A ƙasar Botsuwana, wata ƙungiya mai suna Young 1ove tare da wasu masu bincike sun gwada wata hanya a 2020: ana tura wa iyaye 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako, sannan a kira su a waya na kusan minti 20, a yi aikin tare da yaron, mahaifi ko mahaifiya na gefe. Sun gano cewa yaran da aka haɗa musu saƙo da kira sun ƙaru a lissafi fiye da waɗanda ba a yi musu ba. A nan gida ma, shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi da aka gudanar a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, wanda ya ɗauko salonsa daga ƙungiyar Pratham ta Indiya na koyar da yaro daidai matakin da yake, ya koma amfani da rediyo da saƙonnin waya da aka rufe makarantu. Kai ma za ka iya yin naka. Ka karɓi lambar malamin ajin ɗanka, ku yi yarjejeniya ka riƙa kiran sa sau ɗaya a mako da katinka, ka miƙa wa yaron wayar.

Ita babbar, darussanta sun fara wuce inda iyaye da yawa za su iya bi, kuma babu kunya a cikin wannan. Abin da za ku iya shi ne ku tsare mata lokaci da wuri. A rubuta jadawali a manna a bango, Turanci da lissafi su fito kullum, sauran darussan su riƙa karɓa-karɓa. A duba littattafan rubutunta a ga inda aka tsaya a watan Maris da inda aka ɗora a Oktoba, domin da aka koma an matse zangon karatu, an tsallake abubuwa da dama, kuma an ciyar da yara gaba a kan haka. Wannan giɓin ba zai nuna kansa yanzu ba, sai ta zo jarabawar kammala ƙaramar sakandare, ko ta kai ga kwalifayin, jarabawar tantancewa kafin ta kammala babbar sakandare, idan ta koma makarantar gwamnati. Idan za a ɗauko malamin lesin, ni a ganina ita ce ta fi buƙatarsa, kuma a gaya masa a fili cewa abin da aka tsallake ake so ya cike.

Uwar Gida a Sheka

Salamu alaikum. Na karanta bayanin Mama da na Malam, kuma na ƙaru, amma ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ke raina. Duk lokacin da aka ce iyaye su tsaya a kan karatun yara, idan aka bi maganar zuwa ƙarshenta sai a tarar uwa ake nufi. Ita ce za ta saurari karatu, ita ce za ta ɗaure tsinke, ita ce za ta kunna rediyo, alhali girki da wanki da raino suna jiran ta, wata ma da sana'arta ta cikin gida wadda da ita ake cefane.

Mu tuna yadda kullen nan ya kasance. Tun daren 16 ga Afrilu, 2020 aka hana fita a Kano, ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, azumi kuma ya riga ya kama, ga yawan rasuwar dattawa da ta girgiza gari a wannan lokacin. Da aka fara sassautawa, Litinin da Alhamis ne kawai ake fita sayayya, kuma ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. A unguwa irin tamu, inda mafi yawan magidanta sai sun fita suke samun na tuwo, babu wanda yake zancen darasin rediyo a waɗannan makonni. Abin da za a yi buɗa-baki da shi ake nema. Ina faɗin haka ne domin kada wani ya karanta wannan zaure ya ɗauka duk yaron da ya ja baya sakacin iyayensa ne.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne 'ya'ya mata. Da makaranta ta tsaya, su ne suka ɗauki aikin gida, su ne aka ɗora wa farantin talla, na awara ko na ɗanwake ko na gyaɗa, kuma da kuɗin ya fara shigowa sai ya zama da wuya a sauke farantin. Na san gidajen da 'yan matansu ba su koma ba a Oktoba, wasu an ɗaura musu aure a cikin hutun, da hujjar cewa ba a san ranar buɗewa ba kuma zaman banza ba shi da kyau. Saboda haka Alhaji, idan kana so ka taimaki babbar 'yarka, ka lura kada ta zama malamar ƙannenta kuma mai aikin gidan gaba ɗaya, har nata karatun ya rasa lokaci. Abu ne mai sauƙin faruwa, domin ita ce mai bokon da ya fi na kowa a gidan.

Ga iyaye maza kuma, minti biyar ɗin da Mama ta ambata ni a wurina shi ne mafi ƙaranci. Mutum yana da lokacin zama a majalisa daga isha'i har ƙarfe goma, yana da lokacin sauraron shirin siyasa a rediyo, to yana da rabin awar da zai zauna da ɗansa. Ranar da ba a fita kasuwa, shi ya karɓi zaman gaba ɗaya. Yara suna gane abin da mahaifinsu ya ɗauka da muhimmanci, kuma kalma ɗaya daga bakinsa tana yin abin da uwa za ta wuni tana faɗa. Idan ma ba zai iya komai ba, ya bar wayar a gida wani yinin, ko ya sayo ƙaramin rediyo mai caji, ya kuma tabbata fensir da littafin rubutu ba su yanke ba.

Baban Yara, Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Sheka, maganarki ta shiga, musamman batun babbar. Akwai tsohuwar waya a gida da zan kai a gyara domin ta zauna a hannun mahaifiyarsu. Sauran tambaya ɗaya gare ni ga Mama: wani abokina ya ba ni shawarar idan an koma in roƙi makaranta ta mayar da yaron aji uku ya maimaita. Yaya kike gani?

Ɗan Kwamitin Makaranta, Ɗorayi

Kafin Mama ta amsa, bari in ƙara wani ɓangare. Ina cikin kwamitin al'umma da ke kula da wata firamaren gwamnati a yankinmu, irin kwamitin da ake kafawa da iyaye da malamai da mai unguwa da limami da wakiliyar mata. Abin da aka faɗa a sama duk na cikin gida ne, amma akwai aikin iyaye da ba ya yiwuwa sai an haɗu.

Tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a watan Satumba na 2019, yara suka ƙaru a makarantun gwamnati, azuzuwa suka cika maƙil. Da aka zo komawa a Oktoba, ƙa'idar ita ce a sa takunkumi, a wanke hannu, a ba da tazara. Takunkumi da sabulu ana iya samu, amma tazara a ajin da yara ke zaune gwiwa da gwiwa a ƙasa, sai dai a faɗa da baki. Mu abin da muka iya shi ne muka yi karo-karo muka sayi bokitai masu famfo, muka yi magana da wani mai kurar ruwa yana cika su da safe, wata mai ɗinki a cikin iyaye kuma ta ɗinka takunkumi daga ragowar yadi. Sannan muka karɓi rajistar kowane aji, muka fitar da sunayen yaran da ba su dawo ba, muka raba su a tsakaninmu muka bi gida-gida tare da mai unguwa. Wasu an tarar sun kama koyon sana'a a gareji ko a kasuwa, wasu talla, wasu kuma takalmi ko kayan makaranta ne kawai suka yi musu kaɗan. Da dama sun dawo, ba duka ba.

Idan hutun ya ƙara tsawo, shawarata ga maƙwabta ita ce gida huɗu ko biyar su haɗa kai su ɗauki malami ɗaya, ko ɗalibin jami'a ko na kwalejin ilimi da ke zaune a unguwa, a yi karatun a tsakar gida ko a buɗaɗɗen soro inda iska ke ratsawa, yara kaɗan, kowa da tabarmarsa. Kuɗin ya fi sauƙi idan an raba, kuma 'ya'yan maƙwabcin da ba shi da hali sai su shiga ciki. Wanda yake tari ko zazzaɓi ya zauna a gida, kuma a nisanta zaman daga ɗakin tsofaffi, tunda su cutar ta fi yi wa illa. Ina kuma kira ga iyaye maza su riƙa zuwa taron iyaye da malamai da ƙafarsu, domin sau da yawa idan muka kira taro, yayyen yara ake turo mana, waɗanda ba za su iya yanke komai ba.

Tsohuwar Malama, Gwale

Hajiya ta Sheka ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaranta a kan rabon aiki tsakanin uwa da uba.

Alhaji, game da maimaita aji, kada ka yi gaggawa. Yaron nan ba shi kaɗai ya zauna a gida ba, ajin gaba ɗaya ne ya zauna, saboda haka idan ka mayar da shi aji uku za ka tarar su ma 'yan aji ukun suna fama da nasu giɓin, malaminsu kuma yana gudu ya cike manhaja. Ga kuma abin da hakan ke yi wa zuciyar yaro idan ya ga abokansa sun wuce shi, musamman namiji mai irin shekarunsa, wani daga nan yake fara ƙin makarantar. Maimaita aji yana da wurinsa, amma ga yaron da tun farko bai taɓa kama karatun ba, wanda har yanzu haruffa ke gagarar sa. Naka kuwa ka ce yana karantawa kafin kulle.

Ku ba shi zango ɗaya cur kuna yin zaman nan na kullum. A makon farko na komawa ka je makarantar da kanka, ka sami malamin ajin, ka gaya masa abin da kuka gano a gida, ko gaɓa ce ko fahimta ko aro, ka roƙe shi ya zaunar da yaron a gaba, ya kuma riƙa ba shi aiki daidai ƙarfinsa. Ka ajiye shafin da ya fara karanta muku, ka rubuta kwanan wata a bayansa. Idan zango ya ƙare ka sake ba shi wannan shafin, sannan ka ba shi na littafin aji uku, ka saurara. Idan ya wuce su biyun, a bar shi a ajinsa. Idan har lokacin yana tsaye a inda yake, sai ku zauna da shugaban makaranta ku yi maganar maimaitawa, kuma kafin nan a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa.